Kunnen Rahmat

Duk wanda ya saba sayen banda a Kasuwar Kifi ta Baga Road ya san Ba'ana, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, mai ɗan faɗi tsakanin idanu, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin kansa ba hula. A Konduga aka haife shi, gidan manoman dawa da wake. Yana da shekara goma sha bakwai mahaifinsa ya rasu, gona ba ta ishi 'yan'uwa ba, ya shigo Maiduguri da riga biyu ya fara dakon kwalayen kifi. Daga dako ya koma tsaron rumfar wani, daga nan ya samu tasa. Hancinsa ne jarinsa. Kafin a buɗe kwali zai gaya maka ko tarwaɗar da ke ciki ta sha hayaƙi yadda ya kamata, ko gaggawa aka yi mata. Ba ya cusa ruɓaɓɓe a ƙasan kwali, ba ya rantsuwa a kan ciniki. Aibinsa ɗaya ne, shi kuma a lokacin ya ɗauke shi abin ado: in ya faɗi magana, ta zauna. Abokan kasuwa kan ce gara a sa ka tumɓuke kuka da a sa ka juya Ba'ana daga abin da ya riga ya ce.

A 2012 ya auri Aisa, 'yar unguwarsu ta can Konduga, ya kama ɗaki biyu a Gwange. Aisa mai fara'a ce da son zumunci, tana haɗa turaren wuta tana sayarwa, ba ta iya kwana uku ba ta leƙa gidan wani ba. Farkon 2014 aka shiga Konduga da wuta, mutane suka kwararo Maiduguri, wasu a mota, wasu a ƙafa. Mahaifiyar Ba'ana, Ya Gumsu, da ƙanwarsa da 'ya'yanta mata uku suka cika ɗaki na biyu. Wuri ya ƙare. Mahaifiyar Aisa da ƙannenta sai suka ƙare a wata makaranta da aka mayar sansanin 'yan gudun hijira, can ɗaya gefen gari.

Shekara ta zagayo Aisa tana da ciki wata bakwai, na fari, bayan jira mai tsawo. Wata safiya Ba'ana yana ƙoƙarin fita ya ce da ita, “Yau kar ki je ko'ina. Garin ba daidai yake ba.”

Ta ce to.

Bai daɗe da fita ba saƙo ya zo daga sansani cewa mahaifiyarta tana kwance da zazzaɓi, kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba. Aisa ta dama kunu, ta dafa burabusko, ta yafa laffayarta ta hau keke napep. Ta je lafiya, ta zauna har tsohuwar ta sha kunun. A hanyar dawowa, daidai inda ake sauya keke, bam ya tashi. Tsakaninta da wurin bai fi taku talatin ba. Iska ta kayar da ita, ta kuje a gwiwa da tafin hannu, kunnenta ya yi kwana uku yana ƙara, amma ko ƙwarzane babu a cikinta.

Ba'ana ya ji ƙarar daga kasuwa. Da ya koma gida bai tarar da ita ba, ya bi asibitoci yana ɗaga mayafan da aka rufe mutane da su. A asibiti na biyu ya same ta zaune a ƙasa, ta jingina da bango, tana riƙe da kwanon kunun da babu komai a ciki. Ya tsaya a kanta. Bai ce sannu ba, bai ce don me ba. Ya kama hannunta suka tafi gida.

Bayan wata biyu ta haifi mace, aka sa mata Rahmat. Idonta na dama baƙi ne, na hagu kuwa shuɗi ne fes, kamar sama bayan ruwa ya ɗauke. Matan unguwa kowa da tata. Wata ta ce hasken bam ɗin ne ya shiga, wata ta ce firgicin uwar ne. Yarinya dai lafiyarta ƙalau, tana shan nono, tana ƙiba. In aka yi ta harbi a bayan gari har kwanon rufi yana girgiza, yaran gidan duk su farka da kuka, ita tana barcinta. Ana ta yi mata kirari, wai 'yar zamani, ba ta san tsoro ba.

Tana wata goma, wata rana babban faranti ya suɓuce wa ƙanwar Ba'ana ya faɗi a kan siminti, daidai bayan Rahmat. Kowa ya zabura, har akuyar maƙwabta. Rahmat ba ta ko ƙifta ido ba, tana ta wasa da igiyar zanen uwarta. Ba'ana ya taso ya tafa hannu a bayan kunnenta na dama, ya tafa a na hagu, ya kira sunanta da ƙarfi. Shiru. Ya miƙe tsaye, ga mahaifiyarsa, ga ƙanwarsa, ya dubi Aisa.

“Na ce kar ki fita. Kin fita. Ga shi kin kashe mata kunne tun tana ciki.”

Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake faɗa mata ba har abada. Sau ɗayan ya isa.

Daga ranar Aisa ta daina fita. Turaren wutarta ƙanwar miji ke kai wa masu saye. Biki, suna, gaisuwar mara lafiya, duk ta bari. Sansani ma ta daina zuwa. Ba Ba'ana ne ya hana ta ba, amma bai taɓa cewa ta je ba. A 2017 mahaifiyarta ta rasu a can. Aisa ta je da safe aka yi jana'iza, kafin la'asar ta dawo. Duk ƙarfinta ta mayar kan Rahmat. Su biyu suka ƙirƙiri maganarsu ta hannu: taɓa leɓe ruwa ne, shafa ciki abinci, toshe hanci da dariya kuma Baba ya dawo daga kasuwa.

Shi kuwa a kasuwa labarin ya zame masa abin wa'azi. Duk wanda ya tambayi lafiyar iyali, ko ya kawo ƙorafin matarsa, sai Ba'ana ya gyara zama ya ba shi labarin yadda mace ta ƙi jin magana sau ɗaya, 'yarta ta rasa ji har ƙarshen rayuwa. Garzali, maƙwabcin rumfarsa, ya ji shi har yana iya ƙarasa masa. Ba'ana bai ɗauka mugunta yake yi ba. A ganinsa shi mutum ne mai haƙuri, tunda bai sake ta ba.

A farkon 2021, lokacin da aka sare wa garin wutar lantarki, Rahmat tana gab da cika shekara shida, ta cusa ƙwayar masara a kunne. Kunnen ya kumbura. Aisa ba ta fita, don haka shi ya rufe rumfa ya kai ta asibiti, ɓangaren kunne. Likitar da suka tarar sunanta Phebe, 'yar kudancin Borno, gajeriya mai tabarau. Da tocilan ta haska, ta ciro masarar cikin ɗan lokaci. Amma ba ta sallame su ba. Ta riƙe haɓar yarinyar tana kallon fuskarta.

“Tun haihuwa ba ta ji?”

Ba'ana ya ba ta labarin, yadda ya saba bayarwa, ba tuntuɓe. Ta saurara har ya kai aya.

“Cikin wata nawa ne a lokacin?”

“Bakwai.”

Ta ɗauko ɗan ma'auni ta gwada tsakanin kusurwoyin idanun Rahmat, ta rubuta. Sai ta juyo ta kalli nasa idanun, ta daɗe tana kallo har ya tsargu.

“Malam Ba'ana, ka yi haƙuri, ko za ka cire hularka?”

Ya yi kamar bai ji ba. Ta maimaita. Kwana goma bai je wurin wanzami ba, gashi ya ɗan taso. Da ya cire, ga shi nan a gaban kai, daidai saman goshi: fili kamar tafin hannun yaro, gashin fari fat, fatar ƙarƙashinsa ma ta fi sauran haske.

“Furfura ce ta zo mini da wuri,” in ji shi.

“Tun yaushe?”

Ya ce, “Tun ina yaro.”

“A danginku akwai mai irinta? Ko wanda ba ya ji?”

Ya ce akwai wani kawunsa, Bala, ƙanen mahaifiyarsa, amma shi an ce sanƙarau ne ya taɓa shi.

Likita Phebe ta juya katin Rahmat ta baya, ta ɗauki biro. Ta ce jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya, ta ido ce, ta hanta ce, ta ƙashi ce, littafi iri ɗaya take ɗauke da shi, cikakke, rabi daga uwa rabi daga uba. Abin da ya bambanta ido da hanta shi ne shafukan da kowace ke karantawa.

“To wa ke cewa a karanta nan a bar can? Akwai wasu sinadarai, furotin muke ce musu, aikinsu ke nan. Su je su zauna a kan shafi, su buɗe shi ko su rufe. Dangi-dangi suke. Wani dangi ana ce masa PAX, su tara ne.”

Ta zana ƙananan da'irori tara a jere, ta riƙa taɓa su da bakin biro. Na shida yana cikin masu tsara ido. Na biyu, ƙoda. Na biyar, wasu ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Na tara, haƙora. Sai ta kewaye na uku sau biyu.

“Wannan ne namu. A farkon ciki, tun mace ba ta gama tabbatar tana da shi ba, akwai wasu ƙwayoyi da ke tashi daga gadon bayan ɗan tayi su yi tafiya. Wasu su je fata, wasu gashi, wasu ido, wasu can cikin kunne. Su ke ba da launi. A cikin kunne kuma, in ba su isa ba, kunnen ba ya aiki. Na ukun nan yana cikin masu tayar da su su kama hanya. Kowane mutum yana da umarnin yin sa guda biyu, na uwa da na uba. In ɗaya ya samu tangarɗa, masu tafiyar ba sa isa ko'ina. Inda ba su kai ga gashi ba, ya fito fari. Inda ba su kai ga ido ba, ya zama shuɗi. A wurinka gashi kawai suka kasa kaiwa. A wurinta ido ɗaya da kunnuwa biyu.”

Ba'ana yana riƙe da hular a kan gwiwarsa.

“Likita, bam ɗin fa?”

“A watannin farko ake gama wannan tafiya. Ranar da bam ya tashi, abin da zai faru ya riga ya faru. Ko da matarka ta kulle kanta a ɗaki wata tara, haka za a haifi yarinyar.”

Ta ce gwajin jinin da zai tabbatar ba a yin sa a nan, amma ga ido, ga tazarar idanu, ga gashinsa, ga kawunsa, ita ba ta da shakka. Ta ƙara da cewa shi ma ba laifinsa ba ne, ba wanda ke zaɓar abin da zai gada. Ta ce ya kawo maman yarinyar ta yi mata bayani da kanta, domin kowane ciki rabi da rabi ne, ɗa ya gada ko kar ya gada, kuma ba duk wanda ya gada ke rasa ji ba.

Ya mayar da hula, ya yi godiya, ya kama hannun Rahmat. A keke tana ta nuna masa abubuwa a hanya, domin ba kasafai take ganin titi ba. Shi bai ga komai ba.

Da suka isa gida Aisa ta tarbe su a bakin ɗaki. “Me aka ce?”

“Masara ce. An cire.”

Da yamma ya samu Ya Gumsu ita kaɗai a tsakar gida tana tsinkar zogale. Ya tsuguna kusa da ita, ya tambaye ta da Kanuri, a hankali, ko da gaske sanƙarau ne ya taɓa Kawu Bala.

Hannunta ya tsaya. “Haka aka haife shi. Idanunsa duka biyu irin na yarinyar nan ne. Kai ba za ka tuna ba, kana ƙarami ya rasu.” Ta ce ita ma da farin gashi a goshi ta taso, ana rina mata shi tun kafin aure, har tsufa ya zo ya haɗe shi da sauran.

“Ya, kin sani ke nan.”

“Na yi zargi.”

“Me ya sa ba ki faɗa ba?”

“Ka riga ka faɗi taka a gaban mutane. In na faɗi tawa, 'ya'yan ƙanwarka wa zai aura? A ce gidanmu ake haifar kurame?” Ta ci gaba da tsinkar ganyenta. “Abin da ya wuce ya wuce. A bar kaza cikin gashinta.”

Ya kama wannan magana kamar wanda ruwa ke ci ya samu reshe. Ya ce wa kansa biyayya ce ga uwa. Ya ɗauki katin asibitin ya kai rumfa, ya sa a ƙarƙashin tabarmar da yake zama a kai.

Amma zama bai ƙara yi masa daɗi ba. Ya fara shigowa gida da abubuwan da ba a tambaye shi ba: sabuwar laffaya, tsire, man shafawa. Aisa ta karɓa ta yi godiya, tana kallonsa da mamaki, godiyar kuma ta fi masa zafi da mari. In ta idar da salla ta daɗe a zaune hannu a sama, sai ya fita waje, don ya san gafarar me take nema. Sau uku ya shirya maganar tun daga kasuwa, yana maimaita ta a hanya, yana isa ƙofar gida ta narke. Wata rana wani sabon mai saye ya zauna yana kukan halin matarsa, Garzali ya ce, “Ba'ana, ba shi labarin nan naka.” Ba'ana ya ce kansa ke ciwo, ya tashi ya zagaya bayan rumfuna, ya tsaya cikin ƙudaje har mutumin ya tafi.

Ana haka Aisa ta samu ciki. Ta ce ba za ta je awo ba. Ya ce ta je, ta ce a'a, bai matsa mata ba, tunda ya san amsar da zai bayar in ta tambaye shi me ya canja. Ciki ya shiga wata shida, ƙafafunta suka kumbura, fuska ta tashi, ciwon kai ba ya sauka. Akwai wata maƙwabciyarsu, Naomi, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, da ake ce wa Maman Jona. Wata safiya ta shigo ta gwada jinin Aisa, ta sake gwadawa, ta fito ta sami Ba'ana yana shirin tafiya kasuwa.

“Baban Rahmat, jininta ya hau sosai. Yau za a kai ta asibiti, ba gobe ba. In aka bari ana iya rasa su duka biyu.”

Daga cikin ɗaki Aisa ta ce, “Ba inda zan je, Maman Jona. Na kashe wa ɗaya kunne, ba zan ƙara ba. In mutuwa ce ta same ni a nan.”

Naomi ta dube shi, tana jira ya yi magana irin ta mai gida. Ya ce ta ɗan ba su wuri. Ya shiga ya turo ƙofa. Aisa tana zaune a bakin gado, ƙafafunta a kan matashi. Ya tsuguna a ƙasa, abin da bai taɓa yi a gabanta ba, ya cire hula.

Bai iya faɗa yadda likita ta faɗa ba. Ya fara da Kawu Bala, ya koma kan masara, ya ce akwai wasu abubuwa tara a jiki, na uku ne ya samu tangarɗa, kuma daga wurinsa ne. Ya nuna goshinsa. Ya ce tun ciki bai yi nisa ba abin ya riga ya faru.

“Ba bam ba ne, Aisa. Ba fitarki ba ce. Daga jinina ne.”

Ta daɗe tana kallon farin gashin, wanda ta sani tun daren farko, ba ta taɓa ɗaukarsa komai ba.

“Wa ya gaya maka?”

“Likitar kunne.”

“Ranar masara.”

“Ranar.”

Ta ƙirga da yatsu a kan cikinta. “Wata takwas.”

Ya sunkuyar da kai.

“Sau uku Inna ta aiko tana nemana kafin ta rasu,” in ji ta, muryarta ba ta tashi ba. “Na ukun ta ce ko fuskata kawai ta gani. Na sa laffaya na kai bakin ƙofa, na tuna maganarka, na dawo.” Ta numfasa. “Shekarun da ba ka sani ba, na bar su tsakaninka da Allah, ni ma ban sani ba. Wata takwas ɗin nan fa? Kana shigowa, kana cin abincina, kana kallona ina kuka a kan sallaya.”

Sunan mahaifiyarsa ya zo bakinsa, ya haɗiye, don ya san ba ita ta ɗaure masa harshe ba.

Aisa ta miƙa hannu ta jawo laffayarta, tsohuwar, ba sabuwar da ya saya ba.

“Nemo keke.”

Kwana tara ta yi a asibiti kafin jinin ya sauka. A rana ta huɗu ta sa aka roƙi Likita Phebe ta leƙo daga ɓangarenta. Likitar ta zauna a bakin gado ta sake zana da'irorin nan tara, Aisa tana tambaya, tambayoyin da shi bai yi tunanin yi ba: ko na cikin nan zai gada, ko Rahmat in ta yi aure 'ya'yanta za su ji, ko akwai inda ake koya wa irinta karatu. Ba'ana yana tsaye a bakin taga kamar baƙo. Da likitar ta tambayi dalilin da ya sa ba su zo tun tuni ba, Aisa ta ce, “Hidima ce ta yi yawa.” Wannan rufin asirin ya daɗe yana cinsa.

Ta haifi namiji, aka sa masa Tahir. Idanunsa baƙaƙe ne, kuma ko tari aka yi kusa da shi sai ya zabura.

Aisa ba ta bar gidan ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yafe ba. Bayan arba'in ta goya Tahir ta tafi sansani, ta nemo matar da ta yi jinyar mahaifiyarta, ta wuni a wurinta tana jin yadda kwanakin ƙarshe suka kasance. Ita ta nemo wa Rahmat makarantar kurame, ita ke kai ta tana ɗauko ta. Abu ɗaya ta nema a wurinsa.

“Inda ka faɗi waccan, can za ka faɗi wannan.”

Ya yi sati biyu yana ɗagawa. Wata Talata bayan azahar, mutanen layinsu suna zaune a rumfar Garzali, ya ce yana da magana. Ya faɗa a tsaye, kai ba hula, gumi na bin wuyansa. Ya ce labarin da ya yi shekaru yana ba su ba haka yake ba, matarsa ba ta da laifi, abin gado ne daga gidansu. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Wani dattijo ya ce likitocin yanzu ba abin da ba sa faɗa. Garzali ya ce Allah ya kyauta, ya shiga gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara. Da maganar ta isa gida Ya Gumsu ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa, ƙanwarsa ta yi kuka saboda 'ya'yanta. Tsohon labarin kuma bai mutu ba. Ya riga ya bi motocin kifi ya shiga unguwanni. Har yau akan samu wanda zai tsaya a rumfarsa ya ce, ai kai ne wanda bam ya kashe wa 'ya kunne, sai ya ajiye abin da yake yi ya fara bayani daga farko.

Yana nan a rumfarsa. Kifi yakan zo in an buɗe hanya, yakan ɗauke in an rufe. Ranar Asabar yakan tashi da wuri ya tafi makarantar su Rahmat, inda ake koya wa iyaye maganar hannu. Yawanci shi kaɗai ne namiji a cikin iyaye mata, kuma shi ne na baya a ajin, yatsunsa sun saba da igiya da kwali, ba sa lanƙwasuwa yadda malamar ke so. Aisa ce ta ce ya je. Ta ce yarinyar tana girma, ta fara tambayar me ya sa ƙanenta yake ji ita ba ta ji, kuma ba ita za ta ba ta amsa ba. Ya iya gaisuwa yanzu, ya iya ƙirga, ya iya sunayen abinci da na kwanaki. Abin da zai gaya mata ya fi haka tsawo, bai kai can ba tukuna.